Giwan Ruwan Da Ya Kulle Baba Andarawus

A duk faɗin Yelwa ni ne mutum na farko da ya kulle kwamfutarsa saboda ɓarayin da ba su ma san tana duniya ba. Sunana Ɗanbaba. Ina da shagon ɗaukar hoto da bidiyo a bayan kasuwar kifi, kuma a allon shagon an rubuta Injiniya. Ni na ba mai fenti kalmar, shi kuwa bai nemi ganin takarda ba.

Abin ya faro ne daga wani bidiyo da na kalla a waya. Wani Bature mai gilashi ya ce duk wanda bai kulle cikin kwamfutarsa ba, asirinsa a tsakar titi yake. Kafin bidiyon ya ƙare na zama gwani. Na fito na tsaya gaban teburin maƙwabcina Cindo mai bandar kifi, na gyara wuyan riga.

“Cindo, daga yau ko sojojin duniya sun taru ba su karanta abin da ke cikin na'urata.”

Ko ɗago kai bai yi ba. “To mi ke cikinta?”

“Sirrin jama'a.”

“Hoton fasfo? Na mutanen da muka gani kullum cikin kasuwa? Injiniya, hancin mai unguwarmu ai ba sirri ba na, tun daga tasha aka hango shi.”

Na bar shi da jahilcinsa na koma ciki. Manhajar da na sauke, aikinta ta bi duk abin da ke cikin kwamfuta ta dagula shi, ya koma shirme ga kowa sai mai kalmar sirri. Ko kunna ta ka yi, ba za ta nuna maka komai ba sai ka ba ta kalmar. Na zaɓi kalma mai tsawo kamar huɗubar ɗaurin aure, na danna. Aikin na fara tafiya aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da rasuwa. Da ta farfaɗo ta ci gaba daga inda ta tsaya, amma ni ban ƙara yarda da wutar ba. Na tayar da janareto na tsare shi wuni guda. Cindo ya yi ta ƙorafin cewa kifinsa ya fara ƙamshin fetur, matan da ke saye suna tambaya ko sabon yaji ne.

Da aka gama, sai sabuwar al'ada ta shigo shagona. Duk sanda zan kunna kwamfuta, sai in lulluɓe kaina da ita da tawul don kada wani ya ga yatsuna. A cikin zafin Yauri, a ƙarƙashin tawul, gumi na ɗiga a ido, ba kullum nake samun kalmar daidai a karon farko ba. Masu jiran hoton fasfo suka saba. Wata tsohuwa ta taɓa tambayar Cindo ko turaren aljanu nake yi.

“A'a Inna, shina gaisawa da Turawa na,” in ji shi.

Da a nan na tsaya, da ba ku ji labarina ba. Amma Baturen ya ce gwanaye na gaske sukan gina wani rumbu na musamman a cikin kwamfutar, mai kullensa daban, su zuba abin da ya fi daraja. Ya ce wannan rumbu, bayan kalmar sirri, ana iya ƙara masa mabuɗi na biyu: ka zaɓi kowane irin fayil, ko waƙa ko hoto, in babu shi rumbun ba ya buɗewa har abada.

Abin da ya fi daraja a hannuna shi ne bidiyon Baba Andarawus. Tsoho ne manomi a wani ƙauye kan tudu ta wajen Ngaski, wanda ya yi suna da waƙoƙin noma da Kambarci. In ana gayya shi ke gaba, muryarsa har ƙauyen maƙwabta. 'Yarsa Grace, malamar firamare a nan Yelwa, ita ta ɗauke ni muka je na ɗauke shi yana waƙa a gindin ɗorawa. Damina ba ta kewayo ba Allah Ya yi masa rasuwa. Ba wanda ya taɓa naɗar muryarsa sai ni, kuma na yi ta yi wa Grace alkawarin zan gyara bidiyon in sa masa rubutu mai walƙiya kafin in ba su. Na kwashe shi na zuba a rumbun. Sannan, saboda tsaro, na goge na cikin memorin kyamara, irin gugar da ba ta dawowa.

Saura mabuɗi. Ban yi dogon tunani ba, don akwai hoton da na fi so a duniya: ni a bakin tafki a Wara, riƙe da giwan ruwa, ina murmushi. Taubashina Mati, masunci, shi ya ɗauka da wayarsa ya turo mini ta bulutut. Maganar wanda ya kama kifin kuma, duk Yelwa ta ji daga bakina cewa ni ne, da ƙugiya, bayan kokawar da ta kusa kifar da jirgi. Na sa hoton a filashi, na rataya filashin a wuya, na goge na cikin wayata. Saboda tsaro.

Ba a jima ba na nuna wa Cindo hoton. Ya karkata kai, ya matso, ya ja baya.

“Wanga shi na giwan da kaka hwaɗi? Ai jinjiri na. Uwatai na can tana biɗa tai.”

Mutanen da ke zaune kan benci suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga shago na soka filashi, na buɗe hoton a manhajar gyara. Na ja kifin ta kai, na ja ta wutsiya, har ya kai tsawona. Na share jirgin Mati da ke bayana. Tunda na riga na zauna, na rage tumbina kaɗan, na haska haƙora. Kwamfuta ta tambaye ni ko in maye gurbin tsohon hoton da sabon. Na ce mata ƙwarai kuwa, wa ke son tsohon. Na wanke babba na kafa a bangon shago, na watsa a kowane guruf da nake ciki. Har daga Shanga aka yi ta turo mini jinjina.

Ana nan sai ga Grace wata ranar Laraba, da jakar makaranta a kafaɗa.

“Malam Ɗanbaba, ran Asabar za a yi addu'ar cikar Baba shekara. 'Yan'uwa duk za su zo. Mama ta ce ba ta son komi sai ta ji muryarshi. Tun da na faɗa mata akwai bidiyo take tambayata kullum.”

“Malama, bidiyon Baba yana wurin da ko iska ba ta shiga. Zauna ki ga ilimi.”

Na shiga tawul na fito. Na kira rumbu, na ba shi kalmarsa, na soka filashi na nuna masa hoton. Ya ce bai san wannan mabuɗi ba. Na sake. Ya maimaita. Na hura filashin, na goga shi a riga, na sake sokawa. Amsar ba ta canza ba.

“Lafiya?” in ji Grace.

“Lafiya lau. Tsaron ne ya yi ƙarfi, har ni yana tantancewa. Ki je, ran Asabar da kaina zan kawo, har da majigi.”

Tana fita na ɗaga kai, idona ya faɗa kan ƙaton giwan ruwan da ke bango. A nan na tuna da wani jan rubutu da manhajar ta nuna mini ranar da na zaɓi mabuɗi, wanda na tsallake don gwani ba ya karanta gargaɗi. Cewa ya yi kada a taɓa fayil ɗin, ko ɗigo ɗaya ya canza, ya tashi daga mabuɗi. Ni kuwa ba ɗigo na canza ba, kifi guda na ƙara a kan kifi. Na zauna a ƙasa.

Na fara da dabara. Na buɗe hoton na matse kifin ya koma yadda nake tunawa, na mayar da tumbina, na zana jirgi da hannu. Rumbu ya ƙi. Na ƙara tumbin, ko na yi wa kaina rowa. Ya ƙi. Na bi guruf-guruf ina roƙon ko akwai mai tsohon hoton, aka yi ta turo mini sabon, wani har ya ƙara masa kiɗa.

Washegari hankalina ya gama tashi, har na yi abin da na san ba zai yi ba. Na sa rigar da na sa a hoton, na ari ɗanyen giwan ruwa a kasuwa, na ja Cindo bakin kogi ya ɗauke ni. Kifin ya suɓuce ya faɗa laka, na bi shi, muka tashi kala ɗaya. Masu wanki suka bar wanki suka zo kallo.

“Yi murmushin,” in ji Cindo. “Wancan karon haƙoranka sun hi haka haske.”

“Ka ɗauka kawai!”

“In tambaye ka mana, Injiniya. Kai ka gina rumbun?”

“Ni na gina.”

“Kai ka ƙera makullin?”

“Ni ne.”

“Kai kuma ka lanƙwasa shi da hannunka. To ɓarawon da kaka tsoro, ashe kullum shina cikin shagon.”

Na tofar da lakar da ta shiga bakina. Rumbu ya ga sabon hoton ya ƙi, kamar yadda na sani tun kafin in ari kifin mutane.

Ya rage wuri ɗaya a duniya da ainihin hoton zai iya kasancewa, wato wayar Mati. Na kira, ba ta shiga, don in ya tafi sansaninsu na masunta a tsibiri sai a yi ta nemansa. Ran Juma'a na ɗaure laftof da majigi a jaka, na hau mota zuwa Wara, na shiga jirgin da ke ratsawa tsibirin. Ni da ruwa, in faɗa muku gaskiya, a kofi muka fi sabawa.

Ban gama zama ba wani dattijo ya ƙura mini ido. “Kai ba kai na mai giwan ruwan nan na waya ba?”

Ya kamata in ce kama ce. Sai na ji bakina ya ce, “Ni ne, Baba.”

Jirgi ya ɗauki sowa. Muna tsakiyar tafki injin ya tsaya, mai jirgi ya ce a taimaka da tuƙi kafin ya gyara, kowa ya ce a ba gwani filafili. Na karɓa na tsoma, na ja da ƙarfin da nake ba da labari. Jirgin ya juya ya fuskanci inda muka fito. Na sake ja ta ɗaya gefen, filafilin ya kuɓuce ya kama hanyarsa shi kaɗai. Na miƙa hannu in cafko shi, jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo kan jakata. Wata mata mai kwandon albasa ta damƙe ni ta wando ta dawo da ni.

“Zamna nan, ɗana,” ta ce. “Kihin nan dai da kanshi ya miƙa wuya, don tausai.”

Na sami Mati a gindin wata bishiya yana ɗinkin koma. Tsakanin taubasai ba a jin kunya, ba a kuma jin tausayi. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya har ya kwanta, ya tashi ya sha ruwa, ya koma ya ci gaba.

“Hotunan na nan cikin memori, ban taɓa su ba. Amma ban ba ka shi. Kai da ka share jirgina? In na ba ka, ni ma sharewa za ka yi. Gobe mu tahi tare, ni ma Baba Andarawus ya sha ba ni dawa in ba shi kihi.”

Na buɗe laftof in gwada a nan take, sai na tarar ruwa ya shiga gilashin. Tana kunnuwa da sabon batirin da na sa mata, fankarta na juyawa, amma fuskar baƙi ƙirin. Ba yadda za a ga abin da ke ciki sai an haɗa ta da majigi, tsibirin kuwa ba wuta.

Ran Asabar da hantsi muka hau tudu. An gama addu'a, majami'ar ƙauyen ta cika har waje. Aka rufe tagogi da zannuwa don ɗakin ya yi duhu, aka tayar da janareto. Mama Deborah, matar marigayin, tana zaune a layin gaba da farin kallabi, hannuwanta a kan gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta.

“Sannu ɗana. Ka zo da shi?”

“Na zo da shi, Mama.”

Ba ƙarya na yi ba. Yana ciki, fitowa ce ba ta tabbata ba.

Na haɗa majigi, bangon majami'a ya zama fuskar kwamfutata. Duk abin da zan taɓa, jama'a na gani. Na lulluɓa da tawul na sa kalmar farko, yara suka fara ƙyalƙyala. Mati ya miƙo memori na soka. Sai ga hotunan ranar nan sun jeru, da yawa, duk da lambobi maimakon suna. Ban san wanne ya turo mini ba, shi ma ya ce ya manta. Dole a buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya cika bango: Mati a cikin jirginsa yana ɗago kifin daga koma, ni kuma can nesa a kan tudu, riƙe da takalmana.

“Nan Injiniya shina ba da umarni,” in ji Mati da ƙarfi, kamar an naɗa shi mai gabatarwa.

Na biyu: an miƙo mini kifin, na toshe hanci. Na uku: kifin ya motsa, hoton bai kama komai nawa ba sai bayana da tafin ƙafa ɗaya a sama.

“Nan kokawar ta yi zahi.”

Majami'a ta rikice. Wani saurayi ya ɗaga wayarsa mai ɗauke da hotona na bangon shago, ana gwadawa da na majigi. A nasa kifin ya kai ni tsawo. A na majigi, da ƙyar ya wuce damtsena. Dattijon jirgin jiya, ashe ɗan'uwan marigayin ne, yana nan a gefe yana share hawayen dariya. Na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi.

Daga nan aka iso waɗanda nake riƙe da kifin ina murmushi, kusan iri ɗaya, sai ɗan bambancin karkatar kai. Na ba rumbu na farkonsu. Ya ƙi. Aka yi dariya. Na ba shi na gaba, ya ƙi, dariyar ta ragu. Grace ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

“Malam Ɗanbaba, gaya min gaskiya. In waɗannan suka ƙare fa?”

Na duba ko akwai sauran ƙarya a bakina, babu. “In suka ƙare, Malama, ba mai sake jin shi. Babu wani kwafi. Na goge.”

Har Mati ya sunkuyar da kai. Mama Deborah bangon kawai take kallo, inda nake tsaye da kifin wani ina washe baki. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini kamar lokacin ba. Na zaɓi na gaba. A cikinsa idona ɗaya a rufe yake, tumbina kuma cikakke, yadda Allah Ya yi shi.

Kwamfuta ta yi jim. Sai rumbu ya buɗe.

Ban tsaya neman rubutu mai walƙiya ba, na danna bidiyon. Ga gindin ɗorawa, ga Baba Andarawus da fartanya a kafaɗa, yana tambayar ko na'urar ta fara. Ya yi gyaran murya ya ɗaga waƙa, ta cika ɗakin har ta danne ƙarar janareto. Da ya kai inda ake amsawa ya ɗan dakata, kamar yadda ya saba a gona. Mama Deborah ta amsa masa daga layin gaba, ita kaɗai. A zagaye na biyu duk majami'ar ta amsa. Grace ta rufe fuska da gyale. Ni da ba na jin Kambarci, tawul ɗin nan dai ya yi mini amfani.

Da waƙar ta ƙare, na ga mutuncina ya ɗan farfaɗo, sai na miƙe na gyara wuyan riga.

“Jama'a, kun ga amfanin tsaro. Yanzu zan mayar da shi rumbu, in yi masa sabon mabuɗi wanda ya fi wannan...”

“Ɗana,” in ji Mama Deborah. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. “Zo nan.”

Na je na durƙusa.

“Mutumin nan tun da na aure shi bai taɓa waƙa a hankali ba. Ko na ce mishi yara na barci, sai ya ce su tashi su amsa. Shi ka rufe cikin ɗaki shekara guda?” Ta nuna jama'a da hannu. “Duk mai waya a nan, ka sa mishi. Wanda bai zo ba, a kai mishi. In ɓarawon ya zo, shi ma ka ba shi, ya je ya ji.”

Aka yi layi tun daga gaban majami'a har bakin ƙofa. Na zauna a kan benci ina karɓar waya ina turawa, ba tawul, ba kalma. Kafin in kai rabin layin, waɗanda suka samu sun fita sun kunna, kowa da inda tasa ta kai, har tudun ya cika da Baba Andarawus ta ko'ina. Mama Deborah ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofa, ta zauna tana amsa wa wanda ya fi kusa.